Awa Huɗu Tsakanin Jidda da Karaci

Na san abin da kuke faɗi idan na ba da baya. Kukan ce duk labarin da tsohon nan ya bayar a raba shi biyu, a zubar da rabi, a wanke sauran kafin a yi amfani da shi. Ban ji haushi ba, don kakanku Alhaji ma haka yake cewa, shi har kashi uku yake rabawa. Amma akwai shekarar da na yi kwana arba'in cur ban ƙara wa magana ko ƙwayar gishiri ba, kuma ita nake so in rubuta muku da hannuna, tun da na lura kowa a gidan nan yana ba da ita yadda ya ga dama. Yayana Mutari yakan ce kwana goma ne. Uwarku takan ce arba'in ɗin ne, amma ta fi son ta manta da su.

Lokacin ba a daɗe da samun mulkin kai ba. Muna zaune a unguwar Kalley ta Yamai, gida ɗaya, ni da uwarku Rabi a ɗakin da ke kusa da ƙofa, Yaya Mutari da iyalinsa a tsakiya, Alhaji da Inna a can ƙurya. Alhaji yana da rumfar fatu da takalma a Babbar Kasuwa. Yaya Mutari ya yi lakkwal, wato makarantar boko, har ya ƙoshi, yana aikin gwamnati, yana ɗaura agogo a hannu, kuma ko gaisuwa zai yi sai ya fara duba shi. Ni kuwa ina aiki a wani biro da ake sayar da tikitin jirgin sama. Na shiga a matsayin ɗan aike, da aka ga bakina ba ya gajiya da mutane sai aka ɗora ni kan sikeli, ina auna kayan matafiya ina rubuta musu lamba. A unguwa sunana Laminu Mai Gishiri. Idan na ce na ga kada a kogi, sai a tambaye ni ko ƙadangare nake nufi.

Alhaji ya samu sunansa ne da ƙafa. Yana saurayi, da amaryarsa a ɗaki da cikin Yaya Mutari, ya tashi daga Damagaram shi da ƙanensa Habu suka nufi gabas. Suna tafiya suna tsayawa, nan su yi noma, can su tsinci auduga, har suka ƙetare teku. Shekara bakwai ya yi kafin ya dawo, kuma shi kaɗai ya dawo. Baffa Habu ya kama aiki wurin wani attajiri a Jidda, attajirin ya shiga jirgin ruwa da shi zuwa ƙasarsu, da cewa bayan wata shida za su komo. Alhaji ya jira shekara guda a bakin ruwa, bai ga kowa ba. Tun daga nan ba a ambaton sunan Habu a gidanmu sai a cikin addu'a, kuma ko a addu'ar Alhaji bai san wurin da zai sa shi ba, cikin masu rai ko cikin waɗanda suka riga mu.

To, a shekarar da nake ba ku labari, Alhaji ya yanke shawarar komawa hajji ta jirgin sama, don ya ga ko da gaske ne abin da ya ci masa shekaru ana yin sa yanzu kafin tuwo ya huce. An gama shiri ke nan, bayan ƙaramar salla, sai ga letar, wato wasiƙa. Wani mutumin Tawa ne ya kawo ta, ta bi hannu ya fi biyar, ta yi laushi kamar tsumma. Ciki rubutun ajami ne, bayanta an rubuta adireshi da boko. Baffa Habu ne. Yana raye a wani birni da ake kira Karaci, ya yi aure, yana da jikoki, idanunsa sun dushe, ƙafafunsa ba sa kai shi ko masallaci. Ya ce idan yayansa yana duniya, yana so ya ji muryarsa sau ɗaya.

Alhaji ya karanta sau uku, ya naɗe, ya sa a aljihu, ya tafi kasuwa. Ranar nan an ce ya sayar wa wani Bazabarme takalmi ƙafa ɗaya ja, ɗaya baƙi, kuma su duka biyun ba su lura ba.

Washegari na isa biro tun kafin mai shara. Akwai taswirar duniya a bango, da wani littafi mai kauri na lokutan tashin jirage. Na roƙi maigidanmu, wani bature mai jan hanci, ya nuna mini Karaci. Ya ɗora yatsa kan Jidda, ya ja shi ya ƙetare ƙasar Larabawa da wani ruwa, ya tsaya. Ya ce kusan kilomita dubu uku ne, jirgi yana yin sa cikin awa huɗu, kuma yana zuwa yana dawowa cikin mako. Na kuma san alhazanmu sukan yi kwana shida ko bakwai a Jidda bayan an sauko daga Arfa, suna zaune kan kayansu suna jiran jirgin gida. Na ƙirga da yatsu, na sake ƙirgawa. Alhaji zai iya zuwa ya kwana uku wurin ƙanensa ya dawo, jirgin Yamai bai ko share fukafukansa ba.

Da gudu na koma gida da tsakar rana. Na tarar da su a gindin darbejiya, na zube, na faɗa musu. Alhaji ya tambaye ni nisan wurin. Shi ba ya auna hanya da kilomita, da zango yake aunawa, wato tafiyar yini guda ta ayari. Na ce masa kamar daga Yamai zuwa Damagaram ne sau uku da ɗoriya. Ya rufe ido yana motsa leɓe, ya buɗe.

"Zango ɗari ke nan. Zango ɗari a awa huɗu, Laminu?"

"Wallahi, Baba."

"Bar rantsuwa. Bara ma ka rantse ka ga ɗan tsako ya kori kura."

Kowa ya yi dariya, ban da Inna. Ta tashi ta shiga ɗaki, ta fito da wani ƙullin tsumma, ta kwance shi a gabanmu. Zare ne na saƙa, ya yi baƙi don tsufa, an ƙulla shi ƙulli bayan ƙulli har ya yi kama da tasbaha. Ni da aka haifa a gidan ban taɓa ganinsa ba. Ta ce tun ranar da Alhaji ya fita Damagaram, duk wata ya tsaya sai ta yi ƙulli guda. Ta ce in ƙirga. Na ƙirga tamanin da huɗu. Ta ce lokacin ma an gaya mata shekara guda za a yi. Ta yarda da hajjin nan ne kawai saboda jirgin da zai kai shi shi zai dawo da shi a ranar da aka sa. Idan ya wuce gaba ya rasa jirgin, ita ta san mijinta, da ƙafa zai taho, kuma yatsunta sun tsufa da ƙulli.

A gidanmu kowa ya san rumfa tasa ce, amma ƙofar fita ta Inna ce.

Na yi magana har bakina ya bushe. Daga ƙarshe ta dube ni ta ce, saura kwana arba'in da ƴan kai alhazai su tashi. Idan na yi kwana arba'in ban ƙara wa magana komai ba, a gida da waje, za ta yarda cewa bakina ya san hanyar gaskiya, kuma za ta bar Alhaji ya je. Idan na zame sau ɗaya, maganar Karaci ta mutu. Na ce na ɗauka. Kafin magariba duk Kalley ta ji. Mata masu tuyar ƙosai, masu ga-ruwa, telan da ke bakin hanya, kowa ya zama ɗan sandan Inna ba tare da albashi ba.

Ƴaƴana, na yi azumi a cikin bazara, na yi zazzaɓin da ya sa na ga kakannina, amma ban taɓa shan wuya irin ta kwanakin nan ba. Da safe a tambaye ni yaya gajiya, in tsaya in auna ta kafin in amsa. A majalisarmu ta bakin kasuwa, inda dā idan na zauna har mai shayi yakan manta da wutarsa, aka fara hamma a gabana. Wata Lahadi na je Tondibiya kai saƙo, na ga dorina da idona a tsakiyar kogi. Da na dawo aka kewaye ni, ana zuga ni, ana cewa ai garke ne ko? Na haɗiye yawu na ce guda ɗaya ce, kuma kunnuwanta kawai na gani. Abokina na ƙut da ƙut ya tashi ya kakkaɓe rigarsa, ya ce idan na warke a aiko masa.

Mafi muni, kwana na ashirin da ɗaya, uwarku ta yi tuwo ta zauna kusa da ni ta tambaye ni yadda na ji shi. Tun da muka yi aure nake ce mata ko a fadar shugaban ƙasa ba a tuƙa irinsa. Na duba, ga Inna tana tsince shinkafa, kunnenta a kanmu. Na ce tuwon ya ɗan yi ruwa. Kwana huɗu Rabi tana ajiye mini abinci kamar mai ajiye wa ɗan kurkuku. Har yau idan ta yi tuwo takan tura mini akushi ta ce, a auna.

A cikin haka ban zauna ba. Baturen biro ya taimake ni da takardun shiga ƙasar, muka buga waya zuwa adireshin da ke bayan letar, amsa ta zo cewa ɗan Baffa Habu zai tsaya a filin jirgi. Komai ya kammala, tikiti kawai ya rage a rubuta, shi ma yana jiran Inna ta ce to.

Rana ta talatin da takwas, bayan la'asar, Yaya Mutari ya shigo gida da takarda a hannu, yana tafiya kamar wanda aka naɗa gwamna. Ashe ya bi ta bironmu ina wurin sikeli, ya kwafo lokutan jirgin daga littafin. Ya tara kowa, ya gyara tabarau, ya karanta. Tashi daga Jidda ƙarfe tara na safe. Sauka a Karaci ƙarfe uku na yamma. Ya ɗaga yatsu yana ƙirgawa a gaban Inna, ɗaya bayan ɗaya, har shida.

"Awa shida ne, Inna. Ya rage biyu don abin ya yi daɗin ji."

Rabi ta sa mayafi ta rufe baki. Alhaji ya sunkuyar da kai yana murza gemunsa, kuma a nan na gane cewa tsohon nan ya riga ya sa ransa, kwana talatin da takwas yana ƙirgawa tare da ni bai nuna ba.

Yaya Mutari ba mugu ba ne, tsoro yake ji kamar Inna. Ya ma buɗe mini ƙofa. Ya ce in amsa cewa kuskuren lissafi na yi, awa shida ne, kuskure ba ƙarya ba ne, sai a wuce wurin. Inna ta gyaɗa kai, alamar za ta karɓa. Kalma ɗaya ce tsakanina da tikitin. Amma ni na san huɗu ne. Kullum ina jin matafiya suna rikicewa da abin nan a gaban sikelina. Kwana talatin da takwas ina faɗin gaskiya a kan dorina da tuwo, yanzu a ce in yi ƙarya don a yarda ni mai gaskiya ne?

Na ce awa huɗu ne. Na ɗauko tulun Rabi na kafa shi a tsakar gida inda rana take bugawa. Na manna ɗan ƙullun dawo a gefe guda na ce nan Karaci, na manna wani a bayansa na ce nan Jidda. Na juya tulun a hankali, na nuna musu yadda haske yake riga taɓa na gabas. Na ce mutanen Karaci suna riga na Jidda ganin rana da awa biyu, don haka agogonsu yana gaba. Ƙarfe ukun da aka rubuta na can ne, a Jidda ƙarfe ɗaya ne. Yaya Mutari ya ce a lakkwal an koya musu haka, amma bai taɓa jin an sa shi a takardar mota ba. Matarsa ta ce yanzu kuma rana ce ta zama biyu. Kaza ta zo ta tsince Karaci ta gudu.

Inna ta dube ni. Sannan ta ce:

"An ba ka hanya ka ƙi bi. Laminu, in da ƙarya kake, da ba huɗu za ka ce ba. Da cewa za ka yi kafin Alhaji ya gama atishawa ya isa."

Ta juya wurin Yaya Mutari, wanda ba ta kiran sunansa saboda ɗan fari ne, ta ce wannan ya cire agogonsa ya ɗaura wa ubansa. Kada Alhaji ya taɓa shi, kada ya bari kowa ya gyara masa, ya duba lokacin tashi ya duba lokacin sauka. Ni kuma in cika kwana biyun da suka rage, in ci gaba da riƙe bakina har ranar da jirgi zai dawo. Na ce idan Alhaji ya rasa jirgin gida, na bar ba da labari har in mutu. Ta ce ta ji, kuma unguwa ta ji.

Makonnin da Alhaji ya yi ba ya nan, na rame har wandona yana neman wani mai shi. Wannan ba ƙari ba ne, ku tambayi tela. Inna ta samo sabon zare, wannan karon kullum take ƙulli.

Ranar dawowa muka cika filin jirgi da hantsi, rana tana dukan ƙwaƙwalwa. Alhazai suna saukowa ɗaya bayan ɗaya da butoci da buhuna. Na ƙirga har na daina ganin fuska. Jirgi ya kusa zama wayam, Inna ta kama zaren nan ta naɗe shi a yatsa har yatsan ya yi fari. Can sai ga shi, na ƙarshe, yana saukowa a hankali da wata hula mai gashi a kansa irin wadda ba a taɓa gani a Yamai ba, hannunsa na hagu a ɗage sama kamar mai ɗauke da ƙwai, don kada agogo ya bugi ƙarfe.

A gida, bayan an sha ruwan Zamzam an yi addu'a, tsakar gida ta cika har kan katanga. Alhaji ya ce ya ga Habu. Ya same shi zaune a kan gadon igiya, ya yi fari fat. Da ya yi sallama sai Habu ya miƙo hannu ya laluba ƙaurin Alhaji na hagu, har ya samu tabon da raƙumi ya cije shi a hanyar Wadai, sannan ya fashe da kuka. Kwana uku suna magana. Hausar Habu ta tsaya inda ya bar ta, yana tambayar mutanen da jikokinsu ma sun yi furfura, yana tambaya ko tsamiyar ƙofar gidansu tana nan. Ya aiko wa Inna da mayafi, ya ce a roƙa masa gafararta, shekarar ƙarshe cikin bakwai ɗin nan shi ya ci mata. Inna ta karɓa ta ɗora a cinya, tana shafa shi, ta ce ta yafe tun ba yau ba.

Yaya Mutari ne ya kasa haƙuri, ya tambayi maganar awa. Alhaji ya kwance agogon ya miƙa masa, ya ce agogo dai huɗu ya nuna, amma shi bai yarda da abin da ake ɗaurawa a hannu ba, rana ya bi.

"Da tafiya na tashi da hantsi. Kafin in fita filin jirginsu ana kiran la'asar. Na ce shi ke nan, yaron nan ya ci ni, shida ne. Da dawowa na yi azahar a Karaci na shiga jirgi. Na zauna, na ci abinci, na yi barci, na farka, na sake zama. Na sauka Jidda, ko la'asar ba a kira ba. Abin da rana ta ɗauka da tafiya, ta mayar mini da dawowa. Shida da biyu takwas. A raba biyu."

Ya dube ni a gaban duk Kalley.

"Huɗu ne. Karo na farko da na raba maganar da ta shafi Laminu biyu, na tarar daidai take da yadda ya faɗa."

Mata suka rangaɗa guɗa. Yaya Mutari ya zo ya kama hannuna da hannu biyu. Inna ta miƙo mini zaren, sabon da tsohon, ta ce in ajiye, kuma bakina ya zama nawa. Na buɗe shi nan take na ba su labarin dorinar Tondibiya yadda ya kamata a ba da shi tun farko, su goma sha biyu da jariransu.

Bayan kwana uku Alhaji ya koma rumfarsa da hular nan a kai. Ƴan kasuwa suka kewaye shi, ya gaya musu ya yi zango ɗari tsakanin hantsi da la'asar, ya kuma dawo zango ɗari tsakanin azahar da la'asar. Suka dubi juna. Wani tsoho mai sayar da goro, abokinsa tun Damagaram, ya girgiza kai ya ce Allah sarki, ashe abin a jini yake, daga wurin uban yaron ya gada. Ina kan sikeli a biro aka zo aka ce Alhaji yana nemana maza. Na isa da haki, na tarar da shi tsaye a tsakiyar mutane, hula ta karkace, yana buga sanda a ƙasa.

"Ga shi nan," in ji shi. "Ku tambayi Laminu. Shi ba ya ƙarya."